Lodin haske: binciken da ya tsara tafiyar saƙonni cikin wayar gilashi

Duk ɗan kasuwar da ya taɓa yin lodi a tashar Maraɗi ko ta Damagaram ya san ba a ɗaukar shatar tirela don buhu goma. Akan haɗa kayan mutane da dama su cika mota guda, kuma kowane saukewa a hanya kuɗi ne. Irin wannan lissafi ne ya daɗe yana ɗauke hankalin masanan sadarwa, sai dai su kayansu saƙonni ne, hanyarsu kuwa zaren gilashi mai sirantar gashin kai.

A shekara ta 1966, a ƙasar Ingila, Charles Kao da George Hockham suka nuna cewa haske na iya kai saƙo nesa cikin gilashi, muddin an tsarkake shi. Wannan aiki ya sa aka ba Kao lambar yabo ta Nobel a 2009. Daga baya aka gano dabarar tura launukan haske iri-iri cikin zare guda, kowane launi da nasa kaya.

Da hanyoyi suka yawaita, sai matsalar rabo ta taso. A 1992, Imrich Chlamtac da Aura Ganz da Gadi Karmi suka bayyana abin da suka kira tafarkin haske: saƙo ya riƙe launi guda tun daga mafari har masauki, kuma tafarki biyu ba su haɗa launi cikin zare ɗaya. Sun nuna cewa rabon launukan na cikin lissafai masu wuyar gaske, ko ga na'ura. A 1995, Rajiv Ramaswami da Kumar Sivarajan suka zurfafa nazarin zaɓen hanya da launi.

Saura batun ƙananan kaya. A wancan zamani launi guda na ɗaukar bit miliyar 2 da rabi cikin daƙiƙa, alhali wani mai haya miliyan 155 kawai yake buƙata. Ke nan masu haya 16 ne ke cika launi. Wa za a haɗa da wa, a ina za a sauke? Na'urorin da ke mai da haske lantarki a kowace tasha su ne masu cin kuɗi. A 2002, Keyao Zhu da Biswanath Mukherjee na Jami'ar Kalifoniya da ke Davis, a Amurka, suka tsara lissafin wannan haɗi ga hanyoyin da suka sarƙafe kamar raga.

Darajar bincike takan bayyana ne a yawan waɗanda suka ɗora a kansa. Ɗaruruwan rubuce-rubucen masana sun kafa hujja da waɗannan ayyuka, kuma sun shiga littattafan koyar da injiniyoyi. A 2009, masanan kamfanin NTT na Japan suka kawo shawarar a riƙa yanka wa kowane saƙo fili gwargwadon girmansa. A 2012 Hukumar Sadarwa ta Duniya ta shigar da wannan tsari cikin ƙa'idojinta.

Ga Nijar, wadda ba ta da gaɓar teku, batun ya wuce zancen malamai. Intanet ɗinta na biyowa ta ƙasashen maƙwabta, irin su Benin, kafin ya kai ga wayoyin ƙarƙashin teku. Ran 14 ga watan Maris 2024, huɗu daga cikin wayoyin suka katse daura da gaɓar Kodibuwar, sadarwa ta raunana a ƙasashe da dama har da Nijar. A irin wannan rana, samun wata hanyar da za a karkata saƙonni, da sanin yadda za a cika ta, shi ne ke sa banki ya biya albashi, ɗan kasuwa ya aika kuɗin kayansa Kwatano. Saboda haka ma'aikatun da ke shimfiɗa wayar gilashi na buƙatar injiniyoyin gida da suka ƙware a wannan lissafi, daidai da buƙatarsu ga wayar kanta.