Tsiro Mai Tulu: Yunwa Ce Ta Sa Shi Farauta

Idan ba ka samu sauraron shirinmu na makon nan ba, ga abin da muka tattauna. Wataƙila kai ma an taɓa turo maka hoton wani tsiro a WhatsApp, wai yana haɗiye mutum. To, kwantar da hankalinka, mutum ya fi ƙarfinsa. Amma ƙwari kam, yana ci!

Masana na kiransa Nepenthes rajah, mu kuma muka raɗa masa "tsiro mai tulu". Asalinsa tsibirin Borneo ne, ɓangaren ƙasar Malesiya, a kan Dutsen Kinabalu da maƙwabcinsa Tambuyukon, daga tsayin mita 1,500 zuwa sama. Wani masani ɗan Ingila, Joseph Hooker, shi ya sa masa suna a 1859.

Ga yadda yake kafa tarkonsa. Ƙarshen ganyen yakan miƙe kamar igiya, sai ya kumbura ya zama tulu mai murfi. Babba daga ciki yana cin ruwa fiye da lita uku. Murfin na fitar da zaƙi, bakin tulun kuwa santsi gare shi. Tururuwa ta zo lasa, ƙafa ta zame, sai ciki, inda wani ruwa zai narkar da ita. Har ɓera an taɓa samu ya nutse a ciki.

To me ya kai tsiro farauta? Yunwa ce. Ƙasar dutsen nan ba ta da isasshen abincin shuka, irin N da P ɗin da kake gani a jikin buhun takin zamani. Abin da saiwa ta rasa, sai ganye ya nemo. Akwai ma wata 'yar dabba mai kama da kurege da ke hawa bakin tulun, tana lasar zaƙi tana kashi a ciki. Ka ji ciniki: ba ni gishiri in ba ka manda!

Mu a Afirka ta Yamma ba mu da mai tulu, amma muna da masu irin halinsa. A dazuzzukan Saliyo, Laberiya da Kwaddibuwa akwai wani tsiro mai naɗo, Triphyophyllum peltatum. A 2023 masu bincike a Jamus suka gano cewa idan ya rasa sinadarin P ne yake fitar da ganye mai danƙo ya kama ƙwari. In ya ƙoshi, babu ruwansa da su.

Yanzu ga inda maganar ta shafe ka, kai ɗan Zongo mai fatauci tsakanin Kwatano, Legas da Yamai. Tsiro mai tulu yana cikin jerin farko na yarjejeniyar CITES, wadda Benin, Najeriya da Nijar duk suke ciki. Cinikin wanda aka tumɓuko daga daji a ƙetara iyaka da shi laifi ne. Kuma tsiron sanyin kan dutse ne, zafin Kwatano zai kashe shi. Saboda haka duk wanda ya yi maka tallarsa a waya, ko da sunan ado ko da sunan magani, riƙe kuɗinka.

Sai mun haɗu a shiri na gaba, in Allah ya kai mu.