Awon Ci Gaba a Aikin Sa Kai: Misalin Uwar Manhajar Haiku



Abin da zan yi magana a kansa shi ne yadda ake gane ko aiki yana ci gaba, in ya zamana babu mai biyan ma'aikatansa, babu kuma ranar da aka ɗibar masa ta gamawa. Ɗan kwangilar da aka ba ginin makaranta akwai takardar da ya sa wa hannu, akwai wa'adi, akwai kuma mai duba gini wanda zai zo ya ƙirga ajujuwan da aka yi wa rufi. To, ina ga aikin gayya, wanda kowa ke zuwa sa'ad da ya sami sukuni, ya tafi sa'ad da uzuri ya kama shi? Irin wannan aiki ne na mutanen da ke rubuta uwar manhaja don sa kai. Na zaɓi ɗaya daga cikin ayyukan nan, wanda ake kira Haiku, domin ya daɗe ƙwarai, tarihinsa kuma a rubuce yake.

Da farko ya kamata mu fahimci abin da nake nufi da uwar manhaja. Kwamfuta ƙarfe ce da waya, ba ta san kome ba sai abin da aka rubuta mata. Manhajojin da muke aiki da su, na rubutu da na lissafi da na kallon hoto, ba su yin magana da ƙarfen kai tsaye. Akwai wata babbar manhaja a tsakani, wadda ke raba musu lokaci da wurin ajiya, ta karɓi abin da aka buga, ta fitar da shi a allo, ta kuma hana wannan taka wancan. Ita ce uwar manhaja. Windows da Linux da Android duk irinta ne. Rubuta ta kuwa aiki ne da manyan kamfanoni ke ɗaukar dubban ma'aikata dominsa.

Asalin Haiku daga wani kamfani ne na Amurka mai suna Be, wanda Jean-Louis Gassée, tsohon babban ma'aikacin Apple, ya kafa a 1990. Kamfanin ya yi wata uwar manhaja, BeOS, wadda ta yi suna wajen sauri da iya sarrafa sauti da hoto mai motsi. A 1996 an yi cinikin Apple ya saye shi, ba a daidaita ba, Apple ya sayi NeXT a maimakonsa. Fitowa ta biyar ta BeOS, wato R5, ta zo a shekarar 2000, kuma ita ce ta ƙarshe, domin a 2001 aka sayar da kadarorin kamfanin ga Palm a kan dala miliyan 11. Rubutun asali na manhajar ya tafi da cinikin, aka kulle shi. A watan Agusta na wannan shekara wani mai suna Michael Phipps da waɗansu masu sha'awarta suka ƙudura sake rubuta ta daga tushe, a fili, kowa ya gani ya kuma ɗauka kyauta. Suka sa wa aikin suna OpenBeOS, a 2004 aka canza shi zuwa Haiku.

Wanda ya zo daga waje, abu na farko da zai duba shi ne lambar fitowa. A al'adar masu wannan sana'a, manhajar da ba ta nuna ba ana kiranta alfa, wadda ta kusa nuna ana kiranta beta, wato haruffa biyu na farkon bajaken Girkanci. Alfa ta farko ta Haiku ta fito a Satumba 2009, shekara 8 bayan fara aiki. Aka yi ta biyu a 2010, ta uku a 2011, ta huɗu a Nuwamba 2012. Daga nan sai shiru har Satumba 2018, sa'ad da beta ta farko ta fito. Beta ta biyar ta fito a Satumba 2024, shekara 23 ke nan da farawa, R1 kuwa, wadda ita ce fitowar da aka nufa tun ranar farko, ba ta iso ba a lokacin. Mai duban waɗannan lambobi kaɗai zai ce aikin ya yi dogon suma tsakanin 2012 da 2018. Wannan kuwa kuskure ne babba, zan kuma dawo kansa.

Abu na biyu da ake ruɗuwa da shi shi ne yawan gyare-gyare. Kowane gyara da aka shigar cikin Haiku yana da lambarsa a jere, lambobin kuwa sun haura 50,000 tun kafin beta ta farko. Adadin yana da daɗin faɗi, amma bai bambanta wanda ya gyara harafi ɗaya da wanda ya yi wata uku yana neman abin da ke sa na'ura ta tsaya cik ba. Haka nan rajistar aibobi, inda masu amfani da manhajar ke kai rahoton abin da ya ƙi aiki. In rahotanni suka ƙaru, yana yiwuwa manhajar ce ta lalace, yana kuma yiwuwa masu gwada ta ne suka yawaita, suka kai ta lungunan da ba a taɓa kai ta ba. Rajistar da ba kowa ke rubutu a cikinta ba, sau da yawa ta manhajar da ba kowa ke taɓawa ba ce.

To, da me za a auna? A ganina, awo na gaskiya shi ne tambayar da amsarta i ce ko a'a, wadda ba ta karɓar "saura kaɗan". Fred Brooks, wanda ya shugabanci aikin uwar manhajar OS/360 a kamfanin IBM, ya ja kunne a kan wannan tun 1975 a littafinsa The Mythical Man-Month: marubucin manhaja yakan daɗe yana cewa ya kusa gamawa, ba don ƙarya ba, sai don ragowar aikin ba ta bayyana sai an iso gare ta. Maganin wannan shi ne a kafa alamun hanya masu kaifi, waɗanda ba mai iya yaudarar kansa a kansu.

A nan mutanen Haiku suka yi dace da wata dabara wadda ta cancanci a tsaya a kanta. BeOS an gina ta ne sashe-sashe: akwai sashen da ke kula da zane a allo, da na sauti, da na buga takarda, da na shigar da rubutu, kowanne da iyakarsa sananniya. Sai suka raba kansu ƙungiya-ƙungiya, kowace ta ɗauki sashe ɗaya. In an rubuta sabon sashe, sai a cire na asali daga cikin BeOS mai aiki, a dasa sabon a gurbinsa, a tayar da na'ura. In kome ya tafi yadda yake tafiya da, sashen ya ci jarrabawa; in ya ƙi, an san inda ciwon yake, tun da abu ɗaya kaɗai aka taɓa. Kamar mai sauya azarar ɗaki ne ɗaya bayan ɗaya alhali mutane na kwana a ciki. Tun 2002 suka fitar da waɗansu sassa irin waɗannan ga masu amfani da BeOS. Cibiyar manhajar kuwa, wato ɓangaren da ke riƙe da ƙarfen kansa, sun ɗauko ta ne daga NewOS, wadda Travis Geiselbrecht, tsohon injiniyan Be, ya rubuta. A 2005 manhajoji masu tagogi da hotuna suka fara tashi a kan Haiku ita kanta, ba tare da jingina da BeOS ba.

Alama ta biyu mai kaifi ita ce alkawarin da suka ɗauka cewa manhajar da aka rubuta domin R5 za ta yi aiki a kan Haiku yadda take, ba a sake ta ba. Wannan ma i ne ko a'a: a ɗauko tsohuwar manhaja ta shekarar 2000, a danna ta, a gani. Amma fa alkawarin ya zo da tsadarsa. Domin cika shi, dole suka riƙe wata tsohuwar manhajar fassara, GCC 2.95, wadda ke juya rubutun ɗan Adam zuwa harshen na'ura, shekaru da yawa bayan sauran duniya ta bar ta.

Alama ta uku, wadda masana suka fi girmamawa, ita ce ranar da uwar manhaja ta iya haɗa kanta da kanta. Ma'ana, a zuba mata rubutunta na asali gaba ɗaya, ta fassara shi, ta fito da sabuwar kanta mai aiki. Wannan aiki yana ɗaukar lokaci mai tsawo, yana buɗe dubban fayiloli, yana cika wurin ajiya, yana matsa kowane sashe. In akwai rauni a cibiya, a nan zai fito. Haiku ta kai wannan matsayi a Afrilu 2008, fiye da shekara guda kafin alfa ta farko. Daga ranar masu aikin suna iya zama cikin ɗakin da suke ginawa, mazaunin ɗaki kuwa shi ya fi sanin inda yake yoyo.

Yanzu mu koma ga shirun nan na kusan shekara 6. Masu aikin sun yanke shawara cewa R1 ba za ta fita ba sai da tsarin ƙunshe manhajoji, wato hanyar da mutum zai saukar da manhaja, ya sabunta ta, ko ya cire ta ba tare da ya ɓata sauran ba. An shigar da tsarin a 2013. Amma shigar da shi somin taɓi ne, domin sai da aka sake shirya ɗaruruwan manhajoji bisa sabon tsarin, aka kuma kafa na'urorin da za su riƙa haɗa su da kansu. Aikin harsashi ne, ba ya fitowa a hoto. Duk tsawon wannan lokaci ana fitar da gwajin kullum ga mai so. Sa'ad da beta ta farko ta fito, ta zo da tsarin nan, da LibreOffice a cikin abin da ake iya saukarwa, da kuma nau'i na musamman domin na'urori masu bit 64. Ashe shekarun da lambar fitowa ta tsaya cik suna cikin waɗanda aka fi yin aiki.

Sai dai wannan labari ya tona wata matsala. BeOS ta shekarar 2000 ba ta da irin wannan tsari na ƙunshe manhajoji. Wato burin da aka ce an kafe shi wuri ɗaya ya matsa gaba. Kuma ba yadda za a yi ya ƙi matsawa, domin kwamfutocin da aka yi R5 dominsu sun ƙare a kasuwa. Sabuwar na'ura tana bukatar sababbin manhajojin tafinta tsakaninta da uwar manhaja, masu amfani kuma suna bukatar hanyar shiga intanet ta zamani. Saboda haka Haiku ta yi wa kanta hanyar aron tafintocin sadarwa daga FreeBSD, daga baya da OpenBSD, ta kuma gina manhajarta ta yawon intanet, WebPositive, bisa WebKit. Nau'in bit 64 ɗin ma ba ya tayar da tsofaffin manhajojin BeOS ko kaɗan. Mai auna irin wannan aiki lalle ne ya yi tambaya biyu: nawa aka taho, kuma nawa zangon ya gusa?

Inda wannan matsala ta fi tsanani shi ne ReactOS, wani aikin sa kai da aka fara a 1998 da nufin sake rubuta Windows. BeOS ta mutu, ta tsaya a auna ta. Windows kuwa tana raye, kamfaninta yana sabunta ta kullum. Dole masu ReactOS suka kafa ma'auninsu a kan Windows Server 2003, don su sami abin da ba ya motsi. Suna da tarin gwaje-gwaje masu tafiya da kansu, da yawansu sun samo su daga aikin Wine, waɗanda ke kwatanta halin kowane sashe da na Windows. Amfanin irin wannan gwaji bai tsaya ga nuna abin da aka ƙara ba, yana kama abin da yake aiki jiya ya daina yau, wanda shi ne ɓarawon da ya fi yi wa babbar manhaja sata. Fitowarsu mai lamba 0.4.15 ta zo a Maris 2025, suna kuma kiranta alfa, bayan shekara 27.

Saura awo ɗaya, wanda ba na manhaja ba ne, na mutane ne. Aikin sa kai ba ya karyewa don kuɗi sun ƙare kamar yadda Be ya karye. Yana mutuwa ne in mutum ɗaya da ya san wani sashe ya yi aure, ko ya sami sabon aiki, ko ya gaji, ba a kuwa sami magaji ba. Don haka abin dubawa shi ne mutum nawa ne suka san kowane sashe, kuma ko sababbi suna shigowa su zauna. Michael Phipps ya bar Haiku a 2007, aikin bai tsaya ba, wannan kuwa jarrabawa ce da ayyuka da yawa suka faɗi. A shekarar ne kuma Haiku ta fara shiga shirin Google na biyan ɗalibai su yi aikin manhaja a lokacin hutu. Ƙungiyar da ke riƙe da gudummawar jama'a, Haiku Inc., wadda aka kafa a 2003, ta ɗauki mutum ɗaya aiki na dogon lokaci a 2021, domin akwai ayyuka masu gundura da ba mai zaɓarsu a ranar hutunsa.

Ɗalibin da ke cikin wannan zaure yana tunanin ba da lokacinsa ga irin wannan aiki, ko mai niyyar ba da kuɗinsa, yana da hanyar bincike mai sauƙi. Haiku tana fitar da rahoton aiki wata-wata, inda ake faɗin wanda ya gyara me. Ya ɗauki na wata 12 a jere ya karanta, ya ƙirga sunayen da ke maimaituwa da waɗanda suka shigo sababbi. Sa'an nan ya saukar da manhajar a sandar ajiya, ya tayar da ita a kwamfutarsa, ya rubuta abin da ya yi aiki da abin da ya ƙi: sauti, da sadarwa, da allo, da na'urar buga takarda. Bayan wata 6 ya sake yin gwajin a kan wannan kwamfutar dai, ya kwatanta takardun biyu. Amma kada ya ajiye kundin digirinsa a cikinta shi kaɗai ba tare da kwafi a wani wuri ba, domin masu ita da bakinsu suka kira ta beta.