Keke Ne Ko Babur? Tambayar Da Ke Jiran Goronyo

Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, manomin albasa a Goronyo sai ya lissafa kowace lita kafin ya nufi fadama. Keke mai lantarki zai sauƙaƙa masa, ba hayaƙi, ba layin gidan mai. To amma mene ne sunansa a gaban doka? A Tarayyar Turai, in ƙarfin injinsa bai wuce wat 250 ba, kuma yana daina turi a gudun kilomita 25 cikin awa, keke ne. In ya zarce, babur ne, sai da lamba. A gabashin Sakkwato, inda 'yan bindiga suka ɓata wa babur suna, wannan ba musun malaman harshe ba ne. Ya kamata Majalisar Dokokin Jiha ta fayyace shi a rubuce, kafin jami'in da ke shingen hanyar Wurno ya fayyace shi da kansa.