Hanyoyin Neman Bayanai a Intanet: Misali da Binciken Hausawan Kwatano

Gabatarwa

Wannan takarda za ta yi bayani a kan wasu rumbunan intanet da ke taimaka wa mai bincike. An ɗauki misalin ɗalibin da ke son nazarin Hausar da ake ji a birnin Kwatano na Jamhuriyar Benin, ko a unguwar Zongo, ko a Agla. Sau da yawa irin wannan ɗalibi yakan rubuta kalma ɗaya ko biyu a Google, ya ga bai samu komai ba, sai ya yanke hukunci cewa babu wanda ya taɓa rubutu a kan batun. Wannan kuskure ne da ke raunana kundin digiri tun daga babi na biyu, wato bitar ayyukan da suka gabata.

Kalmomin nema

Matakin farko shi ne tsara kalmomin da za a yi nema da su. Harshen hukuma a Benin Faransanci ne, don haka a rubuce-rubuce da dama “Haoussa” za a tarar, ba “Hausa” ba. Sunan birnin a rubuce “Cotonou” ne. Kalmar zango, wato masaukin fatake, takan zo da siffar “Zongo”. Haka kuma ƙasar tana amsa sunan Dahomey har zuwa 1975, saboda haka tsofaffin takardu da wannan suna suke. Wanda ya rubuta “Benin” kawai zai yi ta cin karo da birnin Benin na Nijeriya. Idan da Hausa ake nema, a gwada sau biyu: da haruffa masu lanƙwasa (ƙ, ɗ, ɓ), sannan ba tare da su ba, domin marubuta da yawa ba sa amfani da su.

Rumbunan da suka fi amfani

Google Scholar, wanda aka buɗe a 2004, yana nemo maƙalu da littattafai da kundaye. Babban amfaninsa shi ne yana nuna ayyukan da suka ambaci wani littafi bayan fitowarsa. Misali, ɗalibi zai iya farawa da littafin Mahdi Adamu, The Hausa Factor in West African History (1978), ko na Paul Lovejoy, Caravans of Kola (1980), a kan fataucin goro tsakanin ƙasar Hausa da Gwanja, ya bi sawun waɗanda suka ɗora a kansu har zuwa yau.

JSTOR, da aka kafa a 1995, yana adana tsofaffin fitowar mujallun ilimi, galibi na Ingilishi. AJOL, wanda ya fara a 1998, yana tattara mujallun da ake bugawa a Afirka. Ga ayyukan Faransanci kuwa akwai Persée, inda ake karanta mujallu kamar Cahiers d'études africaines kyauta, da Gallica na babban ɗakin karatu na ƙasar Faransa, mai ɗauke da jaridu da taswirori na zamanin mulkin mallaka. Akwai kuma Islam West Africa Collection, wanda ya tattara labaran jaridu a kan Musulmin ƙasashe irin su Benin da Togo. WorldCat shi kuma yana nuna ɗakin karatun da ke da littafi, ko da littafin ba ya intanet.

Idan abin da aka samu a kan Kwatano ya yi ƙaranci, sai a duba zangunan maƙwabta domin kwatance. Abner Cohen ya yi nazarin Sabon Ibadan (1969), Enid Schildkrout ta yi na zangon Kumasi (1978), Michel Agier kuma ya yi na zangon Lome (1983).

Tantance abin da aka samu

Ba duk abin da intanet ta kawo ne hujja ba. Kafin a kafa hujja da rubutu, a san marubucinsa, da shekarar bugu, da inda aka buga shi. Manhajojin ƙirƙirarriyar basira sukan ƙago sunayen littattafan da babu su, don haka duk sunan da suka bayar sai an tabbatar da shi a WorldCat ko Google Scholar.

Kammalawa

Rumbunan nan suna nuna wa ɗalibi abin da magabata suka rubuta da kuma giɓin da suka bari. Cike giɓin kuwa sai an je fili. Kalmomin da Hausar Kwatano ta aro daga Faransanci ko Fon ko Yarbanci, a bakin 'yan kasuwar Dantokpa da dattawan unguwa za a ji su. Kamar yadda Hausawa ke cewa, gani ya kori ji.