Kafin Ka Ƙirƙiri Sabon Tebur, Leƙa Waɗanda Suke Nan

Yau dai maganar rumbun bayanai za mu ci gaba da ita, wato databes, kuma zan tsaya ne a kan abu guda: yadda ake duba tsarin teburan da ke cikin rumbu a lokacin da ake zana sabo.

Bari mu ɗauki misali. An ba ka aikin manhajar wata makaranta, wani ne ya fara ginata shekarun baya ya tafi. Akwai teburin ɗalibai, akwai na azuzuwa, yanzu ana so ka ƙara teburin biyan kuɗin makaranta. Abin da nake yawan gani shi ne, mutum ya buɗe kwamfuta ya rubuta CREATE TABLE daga kansa, yadda aka koya masa a bidiyon YouTube. To ai teburin nan ba shi kaɗai zai zauna ba. Kowane layi a cikinsa sai ya nuna ɗalibin da ya biya, kuma lambar ɗalibin tana can a tsohon tebur, da irin nau'in da wanda ya gabace ka ya zaɓa.

Idan MySQL ko MariaDB kake amfani da shi, fara da SHOW TABLES ka ga sunayen abin da ke nan. Sai ka rubuta DESCRIBE da sunan teburin. Zai nuna maka kowane ginshiƙi, nau'insa, ko ana iya barinsa fanko, da abin da ke shiga idan ba a saka komai ba. Yana da amfani, amma ni a ganina bai isa ba. A wajen maɓalli sai ka ga ya rubuta MUL kawai, bai faɗa maka wane tebur ginshiƙin yake nunawa ba. Shi ya sa na fi son SHOW CREATE TABLE. Wannan zai dawo maka da cikakken umarnin da zai sake gina teburin: maɓallai, alaƙa da wasu tebura, injin ajiya, tsarin haruffa, komai. Masu PostgreSQL ku buga \d da sunan teburi a cikin psql, can ƙasa har zai lissafo teburan da suke nuni zuwa gare shi. A SQLite kuwa .schema ne. SQL Server yana da sp_help. Wanda ba ya son baƙin allo, phpMyAdmin yana da shafin Structure, DBeaver kuma zai zana maka alaƙar teburan a hoto.

To me za ka nema idan ka buɗe?

Abu na farko, nau'in lambar ɗalibi. A ce tsohon tebur ya saka INT UNSIGNED, kai kuma ka rubuta INT zalla, ko BIGINT. A ido duk lamba ce. Amma MySQL ba zai yarda ka ɗaura alaƙa tsakaninsu ba, dole girma da alama su zo daidai. A MySQL 8 zai jefo maka kuskure mai lamba 3780 yana cewa ginshiƙan ba su dace ba. A 5.7 kuwa 1215 kake gani, wanda ba ya ma faɗin dalili, sai dai ya ce ya kasa. Kun san abin da mutane da yawa ke yi a nan? Sai su cire alaƙar gaba ɗaya don kuskuren ya tafi. Teburi ya ginu, kowa ya yi murna. Bayan wata shida a goge wani ɗalibi, kuɗin da ya biya su rage a rataye, babu wanda ya san na waye. Ranar da mai makaranta zai zauna yin lissafi, jimilla ba za ta haɗu ba, kuma kai za a kira.

Na biyu, kuma wannan ya shafe mu kai tsaye mu masu rubuta Hausa: tsarin haruffa. Har zuwa MySQL 5.7, idan ba a canza komai ba, latin1 ne tsarin da teburi ke ɗauka. A MySQL 8, wanda ya fito a 2018, aka mayar da shi utf8mb4. Shi latin1 bai san ɗ ba, bai san ƙ ba, bai san ɓ ba. Ka saka suna irin Ɗanladi ko Ƙasimu, ko dai ya ƙi karɓa, ko ya mayar da harafin alamar tambaya, ya danganta da yadda aka saita sabar. Idan ya zama alamar tambaya, shi ke nan, harafin ya tafi, babu umarnin da zai dawo da shi. Kenan idan tsohon teburi latin1 ne, sabonka kuma utf8mb4, a rumbu ɗaya kana da wuri biyu da suke fahimtar sunan mutum daban. Akwai kuma wanda ake kira utf8 kawai a MySQL, shi bayit uku yake ɗauka. Haruffanmu masu lanƙwasa suna shiga, amma emoji ba ya shiga. Ko da tsarin haruffan ya zo ɗaya, ƙa'idar jera su da kwatanta su tana iya bambanta, sai ka zo haɗa teburan biyu ka ci karo da kuskure 1267. DESCRIBE ba ya nuna wannan, ka gane? SHOW FULL COLUMNS ne ko SHOW CREATE TABLE.

Sai salon suna. Idan na da ya rubuta student_id, kai ma rubuta student_id, kada ka kawo studentID don ya fi maka kyau. Wannan ba sai na ja shi ba.

Wani amfanin dubawa shi ne ka gane abin da bai kamata ka sake ajiyewa ba. Lambar wayar uba tana teburin ɗalibai? To kada ka sake mata gurbi a teburin biya. Ranar da ya canza layi, za a gyara wuri ɗaya a manta ɗayan. Idan kana so ka san ko wani ginshiƙi yana wani wuri a rumbu mai tebura ɗari, tambayi information_schema.columns, ka tace da sunan. MySQL da PostgreSQL da SQL Server duk suna da shi. SQLite ba shi da shi, sai ka bi ta PRAGMA table_info.

Yauwa, amma kada a ce na ce a kwafi duk abin da aka tarar. Dubawa daban, biyayya daban. Za ka iya samun an ajiye lambar waya a INT. Lambobinmu na Najeriya guda 11 ne kuma da sifili suke farawa. Sifilin zai faɗi, sauran kuma sun wuce iyakar INT, wato 2,147,483,647. NIN da BVN ma guda 11 ne, rubutu ya kamata su zama tunda ba lissafi ake yi da su ba. Haka idan ka ga kuɗi a FLOAT, sabon teburinka ka saka DECIMAL, don FLOAT kimantawa yake yi, kwabo zai riƙa zamewa. Inda dole ka bi na da shi ne ginshiƙin da zai ɗaure teburan biyu. Sauran kuwa ka yi daidai, ka rubuta wa masu aikin abin da ka gani.

Akwai gajeriyar hanya da ake yawan tambayata a kai: CREATE TABLE sabo LIKE tsoho. A MySQL yana kwafo ginshiƙai da fihirisa, amma ba ya kwafo alaƙa da wasu tebura, sai ka ƙara da hannunka. CREATE TABLE AS SELECT ya fi shi rowa, ko babban maɓalli ba ya ɗaukowa. Don haka bayan ka gina, sake buga SHOW CREATE TABLE a kan sabon, ka ajiye su gefe da gefe da tsohon ka karanta layi-layi. Masu SQLite kuma ku tuna, ko kun rubuta alaƙa ba ya tilasta ta sai kun kunna PRAGMA foreign_keys = ON a kowane haɗi.

A shiri na gaba, in Allah Ya kai mu, za mu taɓa ALTER TABLE, musamman yadda ake mayar da tsohon teburin latin1 zuwa utf8mb4 ba tare da an lalata sunayen mutane ba. Wanda ya gwada umarnin nan ya ga abin da bai gane ba, ya turo hoton allon, amma a rufe sunaye da lambobin mutane tukuna. Sai mun haɗu.