Itacen da Ya Zama Dutse, Ya Rasa Suna

A zauren kawuna da ke Daura akwai wani dutse da ake tokare ƙyaure da shi. Wani Buzu abokin cinikinsa ne ya kawo masa shi tsaraba daga wajen Agadas. Ranar da na ɗaga shi na ga sawun ɓawo da zare-zaren itace a jikinsa, amma nauyinsa na dutse ne. Na ce, "Kawu, mene ne sunan wannan?" Ya yi murmushi ya ce, "Dutse mana." Wannan amsa ita ce dalilin rubutun nan.

Mai karatu, abin da ke zauren nan itace ne da ya faɗi, rairayi da laka suka binne shi, ruwa mai ɗauke da ma'adinin silika ya ratsa shi sannu a hankali har ya ƙame, siffarsa ba ta ɓace ba. Irinsa na warwatse a hamadar Nijar, musamman wajen duwatsun Tigidit, kudu da Agadas. Mu ma ba a bar mu a baya ba. Masana ƙasa sun sa wa wata shimfiɗar duwatsu sunan Gundumi, dajin nan na ƙasar Sakkwato, kuma Farfesa C. A. Kogbe ya yi rubutu a kan ƙamammun itatuwan da ke cikinta. Shekarunsu sun haura miliyan 100.

To, yaya ake gane irin itacen? Ana yanko ɓantare ta fuska uku: a gicciye, a tsaye ta tsakiya, da kuma ta gefe. Sai a goge shi har haske ya ratsa, a sa a madubin ƙara girma. Itatuwanmu masu fure, irin su gawo da aduwa da kuka, suna da manyan bututun jan ruwa. Idan babu waɗannan bututu, sai 'yan siraran ƙwayoyi jere reras masu ƙananan ramuka a bangonsu, to galibi itacen na dangin da irinsu ke tsirara ne, ba ya cikin 'ya'ya. Tsarin ramukan ne ke taimakawa a bambance wannan dangi da wancan. Zoben shekara kuwa, in ya fito, shaida ce ta sauyin damina da rani a wancan zamani. Ashe inda rairayi ya mamaye yau, kurmi ne da koguna.

A matsayina na ɗalibin harshe, damuwata ita ce abin da ba shi da suna ba ya da mai tsaronsa. Daura na alfahari da rijiyar Kusugu, kuma kowa na kiyaye ta domin yaro da babba sun san sunanta da labarinta. Amma wanda ya tsinci wannan itace a gona ko ramin ɗiban tsakuwa, fasa shi zai yi ya zuba a harsashin gini, ba tare da ya san littafi ya yaga ba.

Shawarata guda biyu ce. Masu nazarin Hausa da masana ƙasa a Zariya da Katsina da Sakkwato su zauna su tsayar da suna. Ni dai na ba da "ƙamammen itace". Sannan a ajiye samfurinsa a gidajen tarihinmu da bayani cikin Hausa, 'yan makaranta su gani su taɓa.

Kawu dai ya nemo wani abin tokare ƙofa. Allah Ya sa mu san darajar abin da muke takawa.