Tun Wajen Dasa 'Ya'ya Ake Cin Dara

Wanda bai iya dara ba yana zaton wasa na farawa ne idan an soma ci. Gwanaye kuwa sun san an gama rabin wasan tun kafin a motsa ɗa ko guda. Gurabe 30 ne a ƙasa, kowane ɗan wasa da 'ya'ya 12, wani tsinkaye, wani tsakuwa. Sai kowa ya gama dasa nasa ɗaya bayan ɗaya, kuma doka ta hana jera uku a wannan lokaci. Wato babu ci tukuna, sai neman mazauni da toshe wa abokin karawa hanya.

Sabon kasuwanci ma yana da irin wannan mataki, amma yawancinmu tsallake shi muke yi saboda ɗokin ciniki. Mutum ya kama shago, ya zuba kaya, ya fara karɓar kuɗi, alhali bai yi rajistar suna ba, babu yarjejeniya a rubuce tsakaninsa da wanda ya ba shi jari, kuma aljihu ɗaya ne ke ɗauke da kuɗin cefane da na shago. Dokar kamfanoni ta Najeriya ta 2020 ta ba mutum ɗaya damar yi wa ƙaramin kamfani rajista a hukumar rajistar kamfanoni ta CAC shi kaɗai. Amfanin kamfani shi ne, a bisa ƙa'ida bashinsa ba ya bin mai shi har gida, sai in ya tsaya masa da kansa. Rajistar sunan kasuwanci kawai ba ta ba da wannan kariya, kuma mutane da dama ba su san bambancin ba.

Sai kwaɗayin ci. Ɗan koyo da ya hango uku zai ruga ya jera, ya cire ɗa guda, bai lura ya buɗe gurbin da abokin karawarsa zai riƙa shiga da fita yana cinsa a kowane motsi ba. A kasuwa wannan gurbi shi ne bashi. Babban mai saye ya zo, ya kwashi rabin kayan shago da alkawarin biya ƙarshen wata, ɗan kasuwa yana murnar ya yi ciniki. Ba a hana bayar da bashi ba, kasuwarmu ma ba ta tafiya sai da shi. Amma wanda jarinsa bai yi ƙwari ba, ya ƙayyade adadin da zai iya rasawa, kuma ya rubuta ko da ɗan'uwansa ne ya karɓa.

Akwai inda kamannin ya tsaya. A dara komai a fili yake, kana ganin duk 'ya'yan abokin karawarka. Kasuwa ba haka take ba. Gobarar kasuwar Sabon Gari ta Kano a watan Maris na 2016 ta cinye dubban shaguna. Bayan da aka saki farashin naira a watan Yuni na 2023, 'yan kasuwa da yawa sun sayar da kaya da riba a takarda, suka koma sari kuɗin bai isa ya maido da kayan ba. Babu iya lissafin da zai hango irin wannan. Abin da ke rage ciwonsa shi ne ajiyar da ba a taɓawa, da raba kaya wuri biyu, da inshora, ga ta takaful ga mai gudun kuɗin ruwa.

Don haka mai shirin buɗe shago, kafin ka sari kaya, ka ware asusun kasuwanci daban, ka zauna da mai jarinka ku rubuta yarjejeniya a gaban shaidu.